Doka Ta Talatin Da Ɗaya

Talata

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka? Ina fata kina shan maganin yadda likita ya ce, don na san halinki, da kin ji sauƙi kwana biyu sai kwalbar ta koma ƙarƙashin gado. Ki gaida mini maƙwabciyarki da take karɓo miki wasiƙa.

Inna, roƙonki nake yi kada ki zo ranar Juma'a kamar yadda muka shirya. Kada kuma ki yarda wani ya miƙo miki waya ya ce ki kalli wani abu, gara ki ji daga gare ni. Ban kira ki ba saboda wayata a kashe take tun Asabar. Da na kunna sai zagi ya fara shigowa daga lambobin da ban sani ba.

Maganar angonki ce, ɗan nawa tilo, wanda ke da kanki kika laƙaba masa Agogo don bai taɓa latti ba. Kin san shekararsa uku ke nan a shagon wanki da gugan da ke bayan asibiti. Shi ne a kan kanta. In an kawo kaya ya ƙirga, ya rubuta, ya maƙala wa kowace riga 'yar alama mai lamba, ya kai inji. Mai shagon ya sha gaya mini tunda ya ɗauke shi ko safa ɗaya ba ta ɓata ba, ni kuma na yi ta yawo da maganar har abokan aikina a ɗakin malamai suka gaji da ji. Ai dole in yi. Yaron da likitoci suka ce yana da otizim, 'yan unguwa suka ce galahanga ne in kulle shi a ɗaki in huta, ga shi da shekara ashirin da shida yana shiga mota shi kaɗai ya tafi aiki.

Ranar Asabar wata nas ta kawo fararen rigunanta. 'Yar gangare ce, cikin mutanen nan masu duhun fata da iyayensu suka zo aikin masaƙa suka zauna a gangaren gari. Ta daɗe tana kai kaya shagon. Ashe ta lura kullum alamar da ake maƙala wa kayanta ja ce, ta abokan aikinta kuma shuɗiya, kuma ba ya karɓar nata sai ya sa safar hannu. Sai ta tambaye shi dalili, an ce ma da dariyarta ta tambaya. Kin san shi, bai iya ƙarya ba, bai iya rage murya ba. Ya gaya mata ja ta baƙaƙe ce 'yan gangare, don su bayi ne, ƙazamai ne, ba a haɗa kayansu da na mutane, nasu injin shi ne na huɗu. A gaban layi ya faɗa, fuskarsa sarai kamar yana gaya mata ƙarfe nawa ake rufe shago. Ta ɗaga waya ta ce ya maimaita. Ya maimaita mata bai canja ko kalma ɗaya ba.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Mutane suka taru a ƙofar shagon, mai shagon ya fitar da shi ta ƙofar baya ya sa shi a tasi. Da aka buɗe rajistar shagon sai aka ga shekara uku cur duk ɗan gangaren da ya kawo kaya jar alama ya samu, kuma a inji na huɗu aka wanke masa. Mai shagon yana ta rantsuwa bai sani ba, wai ya ɗauka launukan tsarin yaron ne kawai, tunda aikin yana tafiya daidai bai taɓa tambaya ba.

Ranar Lahadi da hantsi aka jefo dutse ta tagar falo, ya sauka kan teburin da muke karyawa, ya fasa butar shayi. An rubuta mana abu da gawayi a jikin ƙofa, na goge, an sake rubutawa. 'Yan sanda sun zo sun tsaya minti goma, suka ce in riƙe shi a gida. Riƙe shi, Inna! Kullum bakwai da minti goma yana tsaye a bakin ƙofa da jakarsa, ni kuma ina tare ƙofar da jikina, yana gaya mini mota za ta tafi. Jiya ya kwashe awa biyu yana jijjiga a wurin, hannunsa a kan kunnuwansa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai na leƙa ta labule.

Duk wanda ya tambaye ni ina ce masa lalura ce, yaron bai san abin da yake faɗa ba. Abin da yake cin raina shi ne inda ya ji wannan magana. Ba ya hira da kowa, ba ya zama majalisa. Ina zargin masu gugan shagon, akwai wani dogo a cikinsu da bakinsa ba shi da kyau.

Ki yi mana addu'a. Ki zauna a gida don Allah.

Taki,
Auta


Asabar

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fata takardata ta farko ta same ki kuma ba ta tayar miki da hawan jini ba. Mu muna nan da rai. An sa sabon gilashi a tagar, na jingina katifa a bayansa.

Nas ɗin ta kai ƙara gaban kwamitin da ke sauraron ƙorafin wariya. Za a zauna ranar Alhamis a babban ɗakin taro, kuma kowa yana iya shiga. Ƙanen marigayi mijina, lauyan nan mai yawan duba agogon hannu, ya zo shekaranjiya ya zauna a falo ya ce abin mai sauƙi ne. Za a samo takardar likita da za ta ce yaron ba ya bambanta daidai da kuskure, ba a kama shi da laifin abin da ya fito daga bakinsa. Ni zan sa hannu a matsayin mai kula da shi, kwamiti ya rufe magana, mutane su ji kunya su watse. Na tambaye shi bayan nan fa? Ya sosa ƙeya ya ce to, wanda takarda ta ce bai san abin da yake yi ba, babu mai sake ba shi kanta ko rajista. Komai nasa sai da sa hannuna, har ranar da zan mutu, daga nan kuma sai wanda hukuma ta naɗa.

Inna, shekara ashirin na yi ina yawo ofis ofis don a rubuta cewa yaron nan yana da hankali. Kin tuna takalman da na kashe. Yanzu ana so in ɗauki biro in ƙaryata kaina cikin minti ɗaya. Amma kuma idan ban yi ba, ina tsoron wata rana ya fita a dawo mini da shi a kwance.

Na kunna wayar sau ɗaya, na yi da na sani. Gari ya rabu biyu a kanmu. Masu zaginsa ban ji zafinsu ba kamar masu kare shi, don su cewa suke a ƙyale mahaukaci, me aka sani a bakin taɓaɓɓe. Akwai kuma wata yarinya da ta yi nata bidiyon, tana aiki a ɗakin gwajin jini. Ta ce ita ma otizim gare ta, ba ta iya kallon idon mutane, ƙarar janareta tana sa ta kuka, amma ba ta taɓa kiran kowa bawa ba. Ta ce lalurar tana sa mutum ya faɗi abin da ke cikinsa ba tare da ya rufa ba, amma ba ita take zuba abin a ciki ba. Ta ce kada a ɓuya a bayansu, don gobe su za a hana aiki. Sau uku na kalla, na ji haushinta ƙwarai, na kuma rasa inda ta yi ƙarya.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi. Jiya da rana yana guge labulen ɗakinsa karo na uku, don ba shi da abin yi, sai na zauna kusa da shi na tambaye shi a hankali wa ya gaya masa maganar nan, ko dogon mai gugan nan ne. Bai ɗago ba. Ya ce doka ta talatin da ɗaya.

Kin san littafin dokokinsa, mai baƙin bangon nan da ba ya rabuwa da jakarsa. Tun yana ɗan shekara shida na fara rubuta masa, da na gane abin da aka faɗa masa da baki yana zubewa, abin da aka rubuta da lamba kuwa yana zama daram. Doka ta ɗaya, ka duba dama da hagu kafin ka tsallaka titi. Doka ta biyar, idan an gaishe ka ka amsa. Yanzu sun kai ɗari biyu da goma sha biyu, da su yake tafiyar da duk rayuwarsa. Kin kuma san sharaɗinmu, ba a soke doka sai wanda ya rubuta ta ya ja mata layi da jan biro a gabansa, ya faɗi dalili da babbar murya. Haka muka soke ta takwas, ta kada ka taɓa murhu, ranar da ya koyi dafa shayi.

Na ɗauko littafin na buɗe. Ga abin da ke ciki: "31. Baƙaƙen nan 'yan gangare bayi ne, ƙazamai ne. Kada kayansu su haɗu da na mutane. In sun taɓa, a ware, a wanke."

Rubutuna ne, Inna. Irin na allo mai tsayin kai wanda hedimasta yake yabo. Na danna biron har ya huda takardar.

Ban gaya wa lauya ba. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

'Yarki,
Auta


Litinin

Inna,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Amsarki ta iso da safen nan, na gode da addu'a. Na ga shawararki cewa in sa hannu a takardar likita, in ƙona shafin, in rufa wa kaina asiri, tunda shi yaron ba ya jin kunya irin tamu. Na karanta sau biyu.

Na tuna ranar da na rubuta ta. Yana aji uku, wani yaro ɗan gangare ya ɗauki gwangwanin fensirorinsa ya jera su ba yadda ya jera ba. Wasa ne na yara. Shi kuwa ya yi ta buga kansa a bango har goshinsa ya fashe, tabon yana nan. Na dawo da shi daga asibiti da ɗinki huɗu, zuciyata tana tafasa, na zauna na rubuta abin da ya zo bakina don kada ya sake kusantarsu. Bayan mako ɗaya na huce na manta. Shekara goma sha bakwai ke nan. Shi bai manta ba, kullum da safe yana karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe kafin ya sa takalmi.

Zan gaya miki abin da na yi jiya, don in ban faɗa ba zai kashe ni. Yana wanka na zare littafin daga jakarsa na tura cikin buhun shinkafa. Niyyata in yage shafin in ya yi barcin rana. Da ya fito ya laluba bai ji shi ba, Inna, ban taɓa jin irin ƙarar da ya yi ba tun yana yaro. Ya zazzage jakar, ya zazzage durowa, ya tsaya a tsakiyar falo ya kasa ɗaga ƙafa, yana tambayata yanzu da wace ƙafa ake fara fita. Na ce ban gani ba. Na dubi ɗana na yi masa ƙarya, ya kuma yarda, don doka ta biyu ta ce Mama ba ta ƙarya. Minti arba'in na iya jurewa, sannan na ciro na ce na tsinta. Ya busa ƙurar shinkafar, ya ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini godiya.

Tsoro nake ji ta ko'ina. Ajina yara arba'in da biyu ne, sha tara 'yan gangare ne. Ni nake ɗaure musu igiyar takalmi, ni nake goge musu hanci, kuma wallahi ina sonsu, ko dai haka nake gaya wa kaina. Idan aka karanta shafin nan a ɗakin taro, da wane ido zan shiga ajin? Shekara huɗu suka rage mini in yi ritaya.

Akwai wata tambaya da nake ta juyawa, ki yafe mini ita. Ni a ina na ji? Kalmomin nan uku ban ƙirƙire su ba ranar, a shirye na same su a bakina. Tun jiya nake ganin kofin silbar nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin ɗinki, wanda ake ba matar nan mai duhun fata da take yi mana wanki ruwa a ciki, wanda kika mare ni ranar da na sha da shi ina 'yar shekara bakwai. Ba rashin kunya nake yi miki ba, Inna. Tunawa kawai na yi.

Lauya zai kawo takardar ranar Laraba. Ban san abin da zan yi ba.

Taki har kullum,
Auta


Alhamis da yamma

Innata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mun dawo, babu wanda ya taɓa mu. Na fara da wannan don ki samu ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na sa hannu jiya. Gara in faɗa miki tun farko, kada ki ɗauka 'yarki jaruma ce. Lauya ya nuna mini wurin, na sa, ya ninke takardar ya tafi.

Ɗakin taron ya cika har tagogi. 'Yan gangare a gefe ɗaya, namu a gefe ɗaya, ba wanda ya tsara haka, kowa ya san inda zai zauna. 'Yan kwamiti uku ne a kan dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai farin gilashi. Na sa wa angonki abin toshe kunne saboda hayaniya, ya zauna yana kallon fankar sama, jakarsa a kan cinya.

Nas ɗin ta fara magana. Ƙarama ce, ba ta kai ni tsayi ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara uku tana sa rigar da aka wanke a injin bayi ta shiga ɗakin haihuwa ta karɓi 'ya'yanmu. Ta ce bara da dutsen guga ya ƙona shi a hannu aka ruga da shi asibiti, ita ta wanke ƙunar ta ɗaure, kuma ta ga yadda ya je famfo ya yi ta cuɗa inda ta taɓa, ta ɗauka zafi ne. Ta ce ta san lalurarsa, ba ta zo don a ɗaure shi ba. Ta zo ne a gaya mata ko akwai wanda zai amsa wannan magana, ko kuwa za a ce iska ce ta faɗa.

Sai lauya ya miƙe da takardarsa ya fara karantawa, cewa wanda ake ƙara ba ya gane ma'anar kalamansa, ba ya sanin abin da yake aikatawa. Ashe yaron ya cire abin kunnen. Ya miƙe tsaye ya ce wannan ba daidai ba ne. Lauya ya ja rigarsa, ya fizge. Ya ce ya san abin da yake yi sarai, shi ya sayi jajayen alamun da kansa, shi ya zaɓi inji na huɗu don shi ne na ƙarshe a layi, mutum ɗari huɗu da shida ya yi wa haka, kuma yana iya faɗin lambobinsu. Wasu suka yi dariya, wasu suka fara ihu. Shugabar ta buga tebur ta tambaye shi dalili. Ya ce doka ce. Ta ce dokar wa? Ya juyo ya dube ni, bai ce komai ba, don doka ta sittin ta ce ba a faɗin maganar gida a waje.

Inna, da na yi shiru da shi ke nan. Ba zai taɓa faɗa ba. Lauya yana ta yi mini alama da ido in zauna, ga takarda da sa hannuna a kan tebur, ga kuma dariyar mutane tana tabbatar da abin da takardar ta ce. Na ji wata mata a bayana tana cewa Allah sarki, ai ka ji, ba shi da hankali. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa angonki ya ba ni littafin. Na buɗe na karanta doka ta talatin da ɗaya da bakina, muryata tana fita a lasifika. Na ce ni na rubuta, ni malamar aji uku, ga rubutuna kowa ya zo ya gani. Na ce takardar likitan nan ƙarya ce kuma na san ƙarya ce lokacin da na sa hannu.

Na ɗaga ido. Na hango iyayen yaran ajina guda uku a gefen can, ɗaya ta rufe bakinta da mayafi.

Shi kuwa ya zuge jakarsa ya miƙo mini jan biro, don a wurinsa abin da ya rage ke nan. Na karɓa na ja layin. Ya tsaya yana jira, sai na tuna sauran dalili. Na ce an soke doka ta talatin da ɗaya saboda ƙarya ce, su ba bayi ba ne, ba ƙazamai ba ne, mutane ne, kuma na rubuta ta ne cikin fushi da mugun hali.

Na ɗauka an gama, na ɗauke masa nauyin laifin. Sai ya juya wajen nas ɗin ya ce akwai nasa laifin daban. Ya ce tun shekarar farko ya lura ruwan da ke fita daga inji na huɗu launinsa ɗaya da na sauran injuna, wani lokaci ma ya fi haske, don kayan asibiti sun fi tsabta. Ya gwada a kwalba sau goma sha biyu ya rubuta. Ya gane dokar ba ta dace da ruwan ba, amma bai tambaya ba, ya ci gaba, don ya fi son doka ta zauna yadda take. Ya ce wannan shi ya yi, ba Mama ba. Ya ce ta yi haƙuri, yana kallon takalminta, don kin san ba ya iya kallon ido.

Ta dube shi ta ce ta ji nasa. Ni ba ta ko kalle ni ba.

Na gaji, Inna. Sauran sai a takarda ta gaba.

'Yarki,
Auta


Lahadi

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar girma. Yaya ƙafar? Ban ga amsarki ba, na san kuma labari ya riga takardata isa. Idan fushi kike yi da ni na tona mana asiri, na ji, ki yi haƙuri.

Kwamiti ya yanke. Ba su karɓi takardar likita ba. Sun ce lalurarsa ta bayyana yadda abin ya faru amma ba ta wanke shi ba, tunda shi da bakinsa ya ce ya gani ya ci gaba. An ɗauke shi daga kanta wata shida, zai koma ɗakin guga, kuma zai rubuta wa duk wanda ya yi wa jar alama takardar ban haƙuri. Ya riga ya kai na hamsin da uku, kowace da lambar mutumin a sama. An ci mai shagon tara don bai duba aikin shagonsa ba. Da aka karanta hukuncin angonki ya ce daidai ne, ni kuma na yi kuka, don wannan ne karo na farko da hukuma ta yi magana da shi kamar yadda ake yi da kowane namiji baligi.

Ni kuwa hedimasta ya kira ni ranar Juma'a ya ce in zauna a gida har a gama bincike. Iyaye goma sha ɗaya sun ce ba sa son 'ya'yansu a ajina, ban ga laifinsu ba. Na je kwashe kayana daga durowa lokacin hutun tara, wata 'yar gangare da nake kira Sarkin Surutu ta biyo ni har ƙofa ta riƙe mini jaka kamar kullum. Na rasa ko ta ji ko ba ta ji ba, ban kuma iya tambaya ba. An daina jifa. Maƙwabtanmu na dama sun daina gaishe ni saboda abin da na rubuta, na hagu kuma saboda na faɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu a cikin gida yake. Jiya ya zauna da littafin da jan biro ya ce mu bi dokokin ɗaya bayan ɗaya in gaya masa wace ce kuma ƙarya. Da muka zo ta biyu, ta Mama ba ta ƙarya, ya turo mini biron. Na ja layin. Na faɗi dalili, har da maganar buhun shinkafa. Bai yi kuka ba, bai yi jijjiga ba, ya dai matsar da kujerarsa kaɗan daga tawa, kuma har yanzu bai mayar ba.

Daga nan ya tambaye ni, tunda ba a littafi na samo ta talatin da ɗaya ba, wa ya rubuta mini ita. Inna, na riga na soke doka ta biyu, ba ni da sauran ƙaryar da zan yi masa. Na gaya masa maganar kofin. Ya ce ya san kofin, ƙusa ta uku bayan ƙofa, ya daɗe yana mamakin abin da ya sa ba a sa shi cikin sauran.

Don haka muna tafe ranar Juma'a, motar ƙarfe tara. Na yi ƙoƙarin hana shi, ya ce ba a soke doka sai wanda ya kafa ta ya soke da kansa, ya faɗi dalili da babbar murya. Ina roƙonki kada ki sauke kofin ki ɓoye kafin mu zo. Na gwada ɓoyewa, na ga abin da ta haifar. Ki bar shi a ƙusarsa, ki zauna ki yi tunanin abin da za ki ce masa, don zai tsaya a gabanki yana jira, kuma kin san ba ya gajiya da jira. Ni ma zan tsaya, ina so in ji.

Ya sayi sabon jan biro jiya, ya ce naki ne. Kin san angonki ba ya latti.

Ki huta lafiya.

'Yarki mai sonki, mai kuma jin tsoron Juma'a,
Auta